Ciwon Jakunkunan Dubura a Karnuka da Kyanwoyi

Muna jawo hankalin mafarauta da masu karnukan gadi a Birnin Kebbi da Argungu cewa kare yana da 'yan jakunkuna biyu a gefen dubura, masu tara ruwa mai wari. Idan suka toshe, yakan riƙa jan gindi a ƙasa, har a zaci tsutsar ciki ce. Kyanwa ba ta cika kamuwa ba.

Likitan dabbobi yakan fara da matsewa da wankewa da magani. Sai ciwon ya yawaita dawowa, ko ƙari ya fito, ake tiyata a cire jakar. Aikin na ƙwararre ne, domin kuskure kan sa dabbar ta kasa riƙe kashi. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.