IPv6

IPv6 shi ne sabon tsarin adireshin intanet, wato lambar da kowace na'ura ke ɗauka domin sauran na'urori su san inda za su aika mata da saƙo, kuma ƙungiyar IETF ta fitar da ƙa'idojinsa a 1998 domin ya gaji IPv4. Tsohon tsarin yana da adireshi kimanin biliyan 4.3 kacal, saboda tsawon kowanne bit 32 ne, alhali na IPv6 bit 128 ne, kuma a Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar adireshin IPv4 da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka.

Tsarukan biyu ba sa fahimtar juna kai tsaye, shi ya sa kamfanoni kan tafiyar da su tare. Shiri nagari na komawa IPv6 yakan fara da tantance na'urori da manhajojin da ba su iya ɗaukar IPv6, sannan a horar da ma'aikata. Sashen da bai kamata a yi wa sakaci ba shi ne tsaro, domin katangar tsaro (firewall) da aka tsara wa IPv4 kaɗai tana iya barin ƙofar IPv6 a buɗe.