Daga Fuloti Zuwa Buhun Masara: Waiwaye Kan Noma a Ƙasar Zazzau

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shawarar da wasu suka kawo a taronmu na bara, cewa ƙungiya ta zuba wani kaso na asusunta a noma, can wajajen Soba ko Giwa. Kafin a taɓa kuɗin jama'a, na ga ya kyautu mu waiwayi waɗanda suka riga mu.

Shi dai Bazazzagi noma gadonsa ne. Ganuwar birni ma da aka gina ta, sai da aka bar gonaki a ciki, domin ko an yi wa gari ƙawanya a sami abin kai wa baka. Auduga kuwa tun kafin zuwan Turawa ana noma ta, mata su kaɗa zare, masaƙa su saƙa, marina su rina.

Da layin dogo ya iso a 1911 sai al'amura suka sauya. Kamfanin BCGA na Ingila ya kafa injin gurza a Zariya, aka kawo irin Amurka mai suna Allen, wanda ya fi namu tsawon zare. A 1922 aka buɗe gonar gwaji ta Samaru, a 1928 kuma ta Shika domin kiwo, aka shiga koya wa manoma huɗa da garmar shanu. Abin lura a nan shi ne, manomi yakan karɓi angurya, malamin gona ya bi shi har gona, sa'an nan da kaka ya kai kaɗarsa fuloti a auna a biya shi farashin da aka yanka. Kakana yakan ce farashin ba ya cika yi masu daɗi, kuma akawun sikeli ba duka ne masu tsoron Allah ba, amma dai mutum ya san mai saye tun kafin ya yi shuka. Haka noman taba ya kasance bayan buɗe masana'antar sigari ta Zariya a 1959.

Akwai wani labari da nake so ƙwarai. Bayan Samaru ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wani Bature masanin tattalin arziki, David Norman, ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi yana ƙididdige aikinsu. A lokacin ana ta yi wa manomi faɗan ya daina cakuɗa gero da dawa da wake a gona guda. Da aka buga lissafi sai ga shi manomin ne da gaskiya, domin cakuɗawar ta fi riba, kuma idan damina ta yi gardama ba ya tashi a tutar babu. Mu 'yan boko sai mu riƙe wannan.

Shirin raya noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975 ya taimaka wajen yaɗa takin zamani da sabon irin masara, har masarar da a da ake shukawa bayan gida don gashi ta mamaye gonaki. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, fuloti ya mutu. Masaƙun Kaduna suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, auduga ta rasa mai saye. Masu noman rani a bakin Galma da yankin Kudan su ma sun ɗanɗana, musamman a 2016 da tsutsa ta cinye tumatir.

Don haka ina roƙon kwamiti, kafin taro na gaba, ya je Samaru ya nemi shawara kan iri, ya kuma zo mana da sunan wanda zai sayi amfanin, da rumbun da za a adana shi, da kuma wanda zai kwana a gonar, tun da dai yawancinmu muna ofis daga Litinin zuwa Juma'a.