Poul Henningsen, Mutumin da Ya Ladabtar da Hasken Lantarki

Can arewacin ƙasar Turai akwai waɗansu ƙasashe da a ke kira Sikandinabiya, watau Denmak da Suwidin da Norwe. Lokacin hunturunsu dare ya kan yi tsawo ƙwarai. A Kofanhagen, babban birnin Denmak, cikin watan Disamba rana ba ta wuce wajen sa'a 7 a sama. Saboda haka rabin shekara mutanen nan ga fitila su ke cin abinci, ga fitila su ke karatu da ɗinki da hira. Ba abin mamaki ba ne da gwanayen ƙera fitilu suka fito daga cikinsu.

A zamanin dā, sarakunan Turai da attajirai su kan rataya wata babbar fitila mai rassa a tsakiyar soro. Kowane reshe yana ɗauke da kyandir, an kuma jera ɗaruruwan ƙananan gilasai masu kusurwa suna reto a ƙarƙashi. Wannan ba don ado kaɗai ba ne. Wutar kyandir ba ta da ƙarfi, gilasan su ne ke kama hasken su watsa shi ko'ina cikin ɗaki. To, da lantarki ya shigo, sai maƙera suka cire kyandir suka sa ƙwan lantarki a gurbinsa, ba su sāke kome ba. Nan fa matsala ta taso. Hasken ƙwai ya fi na kyandir nesa ba kusa ba, gilasan kuwa suka ƙara masa kaifi, har ya zama yana kashe ido. Wanda ya ɗaga kai ya dube shi, in ya koma ga takarda sai ya ga duhu-duhu.

Wanda ya tashi haiƙan don gyara wannan abu shi ne Poul Henningsen. An haife shi kusa da Kofanhagen cikin 1894, ya girma ga fitilar kananzir mai haske da taushi, bai kuwa manta da daɗinta ba har ƙarshen ransa. Ya koyi aikin tsara gine-gine, ya kuma zama marubuci mai kaifin alƙalami, amma fitila ita ce ta sa sunansa ya kewaye duniya. Niyyarsa guda ce: a sami ƙarfin lantarki, tare da sanyin fitilar kananzir.

Dabararsa ga ta. Ku ɗauki akushi uku, babba da madaidaici da ƙarami, ku jera su wani ƙarƙashin wani, ƙwan lantarki yana ɓoye a tsakiya. Haske ba ya zuwa ido kai tsaye. Sai ya bugi cikin akushi tukuna, ya karye, sa'an nan ya sauko bisa tebur a hankali. Lanƙwasar kowane akushi da lissafi ya fitar da ita, ba da ka ba. Ya haɗa kai da wani kamfani mai suna Louis Poulsen, suka kai fitilunsa babban nunin kayan sana'a na birnin Faris cikin 1925, aka ba shi lambar zinariya. Cikin 1926 aka haskaka wani ƙaton zauren taro na Kofanhagen da a ke kira Forum da fitilarsa mai marufi uku. Daga nan aka dinga kiranta PH, watau haruffan farko na sunansa.

Cikin 1940 sojan Jamus suka mamaye Denmak, aka kafa dokar kada a bar haske ya fita da dare don tsoron jiragen yaƙi. Henningsen ya ƙera wa Tivoli, lambun shaƙatawa na birnin, wata fitila wadda ke haskaka ƙasa amma ba a hango ta daga sama, mutane suka ci gaba da fitowa shan iska da dare. Shi kansa ya daɗe yana sukar 'yan Nazi a rubuce, saboda haka cikin 1943 tilas ya tsere ta ruwa cikin ƙaramin kwalekwale zuwa Suwidin. Bai komo gida ba sai 1945.

Shekarar 1958 ita ce ƙolin aikinsa, gama cikinta ya fito da fitilu biyu da suka fi shahara. Ta fari PH 5, wadda faɗinta santimita 50 ne, watau kusan inci 20. Wannan ta talakawa ce, ta ratayawa bisa teburin cin abinci. Ya shafa ja da shuɗi a cikinta don su gyara launin hasken. Ta biyu ita ce ta maye gurbin tsohuwar fitila mai rassa. An yi ta domin wani gidan cin abinci na bakin teku da a ke kira Langelinie. Tana da ganyen jan ƙarfe 72, an shirya su jeri 12, kowane jeri ganye 6, suna rufe juna kamar ɓawon abarba. Duk inda mutum ya tsaya cikin ɗaki zai ga haske, amma ba zai ga ƙwan ba. Ga kyau, ga amfani. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Henningsen ya rasu cikin 1967, amma har wa yau ana ƙera fitilun nan, tsofaffin kuwa masu tara kayan tarihi suna sayensu da tsada wurin gwanjo.

Jama'a, abin lura a nan shi ne, mutumin nan bai ƙago lantarki ba. Ya dai dubi abin da kowa ya saba da shi, ya tambayi kansa ko yana cutar mai amfani da shi, ya yi shekara fiye da 30 yana neman magani. Ido ba a sayensa a kasuwa. Duk wanda ke karatu da dare ya kamata ya aje fitilarsa yadda hasken zai faɗi bisa takarda, ba cikin idonsa ba.