2.2 Tarihin Auna Ƙarfin Fasaha a Ƙasashe Masu Tasowa

Kamar yadda aka nuna a baya, akan yi wa ƙasashe masu tasowa kuɗin goro, alhali kuwa akwai tazara mai yawa tsakaninsu ta fuskar fasaha. Wannan sashe zai waiwayi yadda aka riƙa auna wannan tazara, domin da irin awon ne hukumomi ke tsara manufofin tattalin arziki.

Ma'auni na farko ya samu ne a shekarar 1963, lokacin da masanan ƙungiyar OECD suka taru a garin Frascati na ƙasar Italiya, suka tsara ƙa'idar ƙidaya kuɗin da ƙasa ke kashewa wajen bincike da yawan masu binciken. An yi shi ne domin ƙasashe masu ƙarfin masana'antu, amma sauran ma suka ara. Alal misali, a Shirin Legas na 1980, ƙasashen Afirka sun ƙudurci ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa domin kimiyya da fasaha.

Sai dai tarihin masana'antun ƙarfe ya nuna gazawar wannan ma'auni. Koriya ta Kudu ta kafa kamfanin POSCO a 1968, duk da Bankin Duniya na ganin aikin ba zai ɗore ba. Ta tura ma'aikatanta Japan suka koyo aiki, aka fara narka ƙarfe a Pohang a 1973, daga bisani kamfanin ya shiga sahun manya a duniya. Nijeriya kuwa ta ƙulla yarjejeniyar gina Ajaokuta da Tarayyar Sobiyat a 1979, aka kafa injuna, amma babban tanderun bai taɓa narka ƙarfe ba. Lissafin kuɗin bincike ba zai bayyana wannan bambanci ba.

Wannan ya sa masana suka sauya alƙibla. A 1992, Sanjaya Lall ya bayyana cewa ƙarfin fasaha ya ƙunshi iya zaɓen injin da ya dace, da sarrafa shi, da gyara shi, da kuma inganta shi. A 2001 kuma, hukumar UNDP ta auna ƙasashe 72, ta duba ƙirƙira, da yaɗuwar tarho da lantarki da intanet, da zurfin ilimin jama'a, ta kasa su gida huɗu. Koriya ta Kudu ta zo ta 5, Indiya ta 63 duk da shaharar birnin Bangalore, Ghana da Sudan kuwa suka faɗa rukunin ƙarshe.

Bisa ga wannan, ana iya cewa sayen injin daban, mallakar fasaharsa daban. Ƙasar da ta auna kanta da yawan injunan da ta shigo da su, za ta zuba dukiya a gini ta bar horar da ma'aikata. Sashe na gaba zai duba yadda hakan ya shafi masaƙun Kaduna.