Yadda man cibi ya shiga ɗakin haihuwa a Sakkwato

Idan ka taɓa ganin an gasa cibin jariri da tsumma mai zafi, ko an shafa masa toka ko man goge baki, to ka san abin da gwamnatin Sakkwato ta so ta sauya a 2013. A shekarar ne, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, jihar ta saye magunguna biyu don matan da ke haihuwa a gida: man kulohekzidin da ake shafa wa cibi don kashe ƙwayoyin cuta, da ƙwayar misofurostol mai rage zubar jini bayan haihuwa. Shirin TSHIP, wanda Amurka ta ɗauki nauyinsa, ya taimaka wajen rabawa.

Hujjar kimiyya ba ta yi ƙaranci ba. An gwada man a Nefal da Bangaladash da Fakistan, aka ga ya rage mutuwar jarirai. Sai dai hujja ba ta da ƙafa, ba za ta kai kanta Kuchi ta ƙaramar hukumar Kebbe ko Dogon Daji ta Tambuwal ba. A lokacin kuwa, fiye da mata tara cikin goma a jihar a gida suke haihuwa.

Tun 1962 Everett Rogers ya bayyana yadda sabon abu ke yaɗuwa: 'yan kaɗan su fara, saura su gani su bi. Wannan ya nuna maka yadda ake karɓa, amma bai gaya maka abin da ke sa a ɗore ba. Carl May da Tracy Finch ne suka ɗauki wannan tambaya a 2009. A ganinsu, sabuwar hanya ba ta zama aikin yau da kullum sai masu yin ta sun gane bambancinta da tsohuwa, sun yarda aikinsu ne, sun sami kayan yi da lokaci, kuma suna ganin sakamako.

Auna Sakkwato da wannan ma'auni. An horar da mata 'yan sa-kai goma a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 244, aka ajiye maganin a hannun amintattun mutane cikin ƙauyuka, aka jawo sarakuna da malamai. Wato an kai kaya kusa, an kuma ba aikin masu shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne na farko da na ƙarshe. Man cibi kan ɗan jinkirta faɗuwar cibiya, ita kuwa kaka so take ta faɗi kafin ranar suna. Ka ga ke nan abin da idonta ke gani ya saɓa wa abin da aka gaya mata. Cutar da aka kauce wa ba ta ganuwa. Cibiyar da ta ƙi faɗuwa, kowa a gidan yana ganinta. A ganina, duk wanda ya koyar da ungozoma bai faɗa mata wannan tun farko ba, rabin aiki ya yi.

TSHIP ya ƙare a 2015. A 2016 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin yaɗa man a faɗin ƙasa. Daga nan sayen maganin da kai shi ƙauye ya koma kan kasafin kuɗin jiha da na ƙananan hukumomi, shekara bayan shekara.