Malamin lissafin da ba mu ji sunanshi a lakwal ba

A koleji mun haddace Pitagor da Tales, har muka ɗauka lissafi ba gadonmu ba ne. Ashe akwai Muhammad al-Katsinawi, Bafulatanin Katsina da ya je hajji, ya zauna Alƙahira har rasuwarshi a 1741. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hatimi, wato gidajen lambobi da kowane layi ke ba da jimla ɗaya.

Mu gwada da yara daren nan: 1 zuwa 9 cikin gida tara, tsaye, kwance da karkace, kowane layi 15. Yaron da ya gano 5 ce ke tsakiya, kar a ƙara ce mishi lissafi ya fi ƙarfinshi.