Harajin da ya kawo wa Kano ruwan famfo

1/ Duk sanda aka yi maganar haraji a nan, sai na ga ana cewa "me aka taɓa yi mana da shi?" To, bari in ba ku wani tarihi.

2/ Ruwan famfo da wutar lantarki da aka buɗe a Kano a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga Baitulmalin En'e kuɗinsu suka fito. Wato harajin talakawa da jangalin makiyaya. Daga Challawa aka jawo ruwan.

3/ Amma fa kar mu yi wa tarihi kwalliya. Dagatai da masu unguwanni ke karɓa, wanda ya kasa biya ya sha bulala ko a shanya shi a rana. Wasu har cirani suke tafiya don neman kuɗin haraji. Ƙauye ya biya, birni ya sha ruwa.

4/ Shi ya sa da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka yi murna. Ni ma da an haife ni, da na taya su.

5/ Sai dai yau ƙananan hukumomi kason Abuja suke jira. In gobara ta tashi a kasuwa aka rasa motar kwana-kwana, kwalar wa za mu ci? Ciyaman ai ba ya ganin daga aljihunmu kuɗin suka fito.